Tukunyar da Ta Yi Gaba da Teku

A Kantang, inda kogi ke miƙa wuya ga teku,
duk tukunyar da aka ɗora tana warin kifi.
Tamu ce kaɗai ta daina.

Shekara uku ke nan
da kwalekwalen mahaifina Thawin ya dawo shi kaɗai,
raga a naɗe, hula a ƙarƙashin benci.
Daren da masu jaje suka watse
mahaifiyata Chaluai ta ɗauki kwalbar ruwan kifi
da tulun daddawar jatan lande,
ta miƙa wa maƙwabciya ta kan katanga.
"Teku ya ci nawa," ta ce,
"ni kuwa ba zan ci nasa ba."
Daga baya kaza ta bi, ƙwai ya bi.
Ba wanda ya nemi ba'asi.

Yau zazzaɓi ya kayar da ita,
turmi ya faɗo hannuna.
Na dutse ne, ya girme ni,
bakinsa ya ɓantale tun bikinsu.

Koren barkono goma sha ɗaya, da gishiri.
Ciyawar lemo, yankan siriri.
Cittar nan tamu mai ƙamshin ɗanyen itace,
tafarnuwa, ƙananan albasa,
ɓawon lemun tsami mai kuraje.
Na ɗaga taɓarya.

Daga ɗaki, ta bayan labule:
"Kina daka kamar mai bin bashi.
Sassauta. Ba laifi suka yi miki ba."
Ko a kwance, kunnenta na madafa.

Na kankare kwakwa, na matse ta sau biyu,
ta farko mai kauri, ta biyu tsararo.
Mai kaurin na zuba a kasko
na tsaya a kanta har mai ya yi ido,
sannan na saki dakan.
Ƙauri ya tashi.
Ƙanena Anucha ya yi atishawa daga tsakar gida,
ya zage ni, ya matso kusa.

Kabewa ce farko, don taurin kanta.
Sai yalo, ƙanana kamar ƙwan tantabara,
dogon wake da na karya da yatsu,
naman kaza,
da awarar da na soya tun hantsi,
wadda Anucha ya riga ya sace uku.

Na ɗanɗana.
Akwai yaji, akwai maiƙo, akwai zaƙi,
amma can ƙasan harshe akwai rami.
Hannuna ya tafi kanta shi kaɗai,
ya tarar da zoben da gindin kwalba ya bari a katako.
Shekara uku muna gogewa, bai fita ba.

Na ɗebo daddawar waken soya, rabin cokali,
da ɗan gutsuren sukarin giginya.
Na juya. Na jira.
Ramin bai cike ba,
ya dai rage zurfi,
yadda mutum zai iya tsallakewa.

Ɗaɗɗoya ba ta son wuta,
sai da na kashe na watsa ta,
ta yi laushi a kan koren romon.

Na kai mata da shinkafa.
Ta tashi zaune da ƙyar, ta hura,
ta kai cokali ɗaya,
ta daɗe tana kallon taga.
Ana yayyafi a kan kwano,
injinan masunta na tari, suna fita.

"Da ubanki na nan," ta ce,
"da ya leƙa ƙarƙashin kabewar nan yana neman kifi."
Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.
Anucha ya sunkuyar da kai cikin kwanonsa.

"Kin bar yalon ya yi lugub.
Gobe ki sa shi a makare."

Ta miƙo mini kwanon, wayam.
"Ƙaro romo."