Matakala Ta Bakwai

A littafina na farko na cinna wa gidan wuta.
A na biyu girgizar ƙasa ta haɗiye shi.
A na uku na sayar da shi da arha
ga wani matuƙin jirgin ruwa da na ƙago,
na damƙa masa makulli, na rufe babi.
Amma duk ranar da na buɗe sabon shafi
sai in tarar da shi a tsaye,
can bisa tudun Valparaiso,
bangon kwano, shuɗin fenti ragowar na jirage,
yana kallon teku kamar mai bin sa bashi.

Gaspar, mai tace mini rubutu, shi ya fara lura.
Ya ce, "Eloisa, me ya hana mutanen labaranki
taka matakala ta bakwai?
Likita ya tsallake ta, ɓarawo ya tsallake,
har tsohon nan mai sanda na babi na tara."
Na yi dariya, na ɗora wa alƙalami laifi.
Daren nan ban runtsa ba.

Ta bakwai ita ce mai kuka.
Katakonta ya saki tun ba a haife ni ba.
Shekara biyun da Mama Herminia ta yi a kwance,
barcinta bai fi ɓawon albasa kauri ba,
sai ni da Anselmo muka koyi sanɗa:
takalma a hannu, numfashi a riƙe,
shida, a miƙa ƙafa, takwas.
Ranar da aka fito da ita
masu ɗaukar akwatin su huɗu suka taka,
sau huɗu katakon ya yi ƙara,
babu wanda ya ce musu "a hankali."
A nan na gane.
Shekarata goma sha ɗaya.

Sabo turken wawa, na sani.
Na zauna a birane uku, duk a hawan ƙasa nake haya.

Bara, cikin sanyin Yuli, na hau tudun.
Gidan ya koma ruwan ɗorawa.
Wata dattijuwa, Ofelia, ta buɗe mini,
ta ce in shiga, shayi na kan wuta.
An canza katakon, an bi shi da ƙusa sababbi.
Duk da haka ƙafata ta yi abin da ta iya:
shida, takwas.
Jikanta ya sauko a guje ta gefena,
yana dukan kowace matakala da diddige,
gidan bai ce masa komai ba.

Da zan sauko sai na tsaya.
Na aza ƙafa, na saki nauyina duka,
nauyin shekara arba'in.
Shiru.
Babu mai barcin da zan tayar.
Ofelia ta ga fuskata, ta koma duba shayi,
ta daɗe ba ta dawo ba. Na gode mata.

Yanzu ina kan na huɗu.
Ban nemo ashana ba, ban kira mai saye ba.
Wata yarinya ce zaune a ta bakwai
tana ɓare lemo,
ƙofar sama a buɗe, iska na shiga.
Ban san inda za ta ba in ta gama.
Na dai bar mata takalmanta a ƙafa.