Wasa Uku a Gindin Tsamiya

Bana na ci bashin taki buhu huɗu,
na karɓi hayar injin ban-ruwa wurin Alhaji Sambo na Auyo,
kowace awa da kuɗinta.
Tun daga nan agogo ya shige mini ƙirji,
yana bugawa ko ina cikin salla,
yana ƙirga mini Naira.

Asuba a fadama take riskata,
fura ma a tsaye nake sha, ido na kan tiyo.
Ladidi ta ce, "Maigida, ka fara yi wa albasa magana cikin barci."
Na ce da ita, wanda ake bi bashi
ina ya ga lokacin hira?

A hanyar fadama akwai wata tsamiya.
A gindinta Baba Ilu da mutanensa
sun haƙa gurabe talatin a ƙasa.
In na zo wucewa sai in kau da kai,
in ce a raina: ga rana tana ƙonewa a banza,
gemu fari fat, an duƙa ana tura tsinke da tsakuwa,
wai dara.

Ran Talata ido ya yi mini nauyi,
na buɗe bakin da ba shi ba ne.
Ruwa ya kwanta kan sabon dashe,
fangali shida suka koma kududdufi,
na gefen tudu ko ɗigo ba su gani ba.
Na ɗaga fartanya, na rasa inda zan sara.

Da na biyo hanya, laka har gwiwa,
Baba Ilu bai tambaye ni komai ba.
Ya matsa, ya share mini wuri da tafin hannu:
"Tanimu, riƙe mini tsakuwar nan,
abokin wasana ya kai tunkiya kasuwa."
Kunya ce ta zaunar da ni,
babba ne ya yi kira.

Ya cinye ni wasan farko kafin in daidaita zama.
Na biyu na ɗan ja.
A na uku na ji kafaɗuna sun sauko
daga inda suka maƙale kusa da kunne tun watan jiya.
Na ji kukan kurciya, ashe kullum tana nan.
Har dariya na yi da ya jera uku ya ɗauke mini ɗa,
ya ce, "Gurbin gabanka kawai kake kallo,
ta baya nake zago maka. Lura."

Ban ce shi ya koya mini ban-ruwa ba.
Amma ina kallon layukan nan a ƙasa
sai na ga gonata kwance,
na ga tudun da ruwa ke wahalar hawa,
na ga in na fasa hanya ta arewa
awa biyu za ta yi aikin da nake ƙona huɗu a kansa.
Wata guda ina taka wurin ban gani ba.
Washegari kafin hantsi na gyara.

To, kada a ce na zo da fatawa.
Ga Mato nan a gindin tsamiyar,
ya fi kowa iya wasa, ya fi kowa kwanciyar rai,
babu hawan jini, babu mafarkin bashi,
gonarsa kuwa kacala ta gama da ita.
Shi ma ɗan hutawa ya zauna yi
tun bara.

Ni dai yanzu in rana ta take tsaka
nakan kashe injin, shi ma ya sha iska,
in wanke ƙafa in hauro tudu.
Wasa uku nake yi, huɗu in an tsokane ni.
Waccan Juma'ar na kai bakwai, sai da Ladidi ta aiko yaro.
Bashin yana nan inda yake,
albasa dai ta soma yin kai, barci ya dawo.
Har yau ban ci Baba Ilu ko sau ɗaya ba,
ya ce gobe in zo da wuri, a ƙara.