Labarin Zuciya

Daren Talata a Lids, ruwa na dukan taga.
Wasiƙar asibiti na manne a jikin firij:
gobe, tara da kwata, hawa na biyu.
Na kwantar da Ukasha kan doguwar kujera,
na ce tuɓe riga, yau ni ne likita.

Na lakato man kaɗanya daga kwalbar uwarsa.
Na gobe ya fi wannan sanyi, na ce,
kamar ƙanƙara ta narke maka a ƙirji.
Na ɗora masa rimot ɗin talabijin a haƙarƙari,
ina ja a hankali, hagu, ƙasa, gindin wuya.
Babu allura? Babu.
Babu yanka? Ko ƙwarzane.
Za su rage fitila, ka juya gefen hagu,
ka yi lamo kamar kyanwa kusa da hita.
In ka ji fuu, fuu, kamar zugazugin maƙeri,
jininka ne ke wucewa.

Ya yi shiru yana kallon silin.
Baba, in sun leƙa ciki,
za su ga duk abin da ke zuciyata?
Ban buɗe baki ba ya ce,
ni na fasa agogon Rumaisa, ba faɗuwa ya yi ba.

Dariya ta taso, ta ci karo da wani abu a maƙogwaro.
Na ce ƙofofi huɗu kawai suke nema,
su ga ko ɗaya ba ta rufuwa da kyau.
Agogo kuwa, tsakaninka da yayarka.

A gida an ce labarin zuciya a tambayi fuska.
Nan na'ura ake tambaya.
Ni kuma wata uku ina ɓoye tawa fuskar,
tun ranar da likitan unguwa ya daɗe yana saurare,
ya ce akwai wata 'yar raɗa a ciki.

Ya karɓe rimot. Saura kai.
Na kwanta, ƙafafuna sun zarce kujera.
Ya shafa min mai har a riga,
ya kasa kunne, ya haɗe gira irin ta manya.
Baba, taka gudu take yi.
Na ce hawan bene ne.
Ya ce ai ba mu da bene.

Uwarsa ta leƙo daga kicin, hannu duk gari,
ta ce a kwanta, bas ta bakwai da rabi ba ta jiran kowa.
Na kashe fitila.
A duhu na ji ƙarar zif.
Yana cusa rimot a jakar makaranta,
ko da nasu zai ƙi aiki.