Ja Daban, Ɗauka Daban

Asta Wabi, likitar dabbobi,
ta shigo garejina a Marwa da hantsi
da a-kori-kura fara wadda ta sha jar ƙasa,
bayanta an ɗauro da igiya
wani ɗaki mai taya biyu,
da taga, da labulen da rana ta cinye furensa.
Wai wani mai zuwa kallon giwaye a Waza ya bari,
ita kuma ta zuba kuɗin adashi ta saya.
"Hayatu, yi mini waldar ƙugiya.
Jibi zan bi makiyaya fadamun Logon,
in kwana inda shanu suka kwana."

Ban kunna wuta ba.
Na buɗe ƙofar direba, na jiƙa tsumma,
na goge ɗan ƙarfen nan da ba mai karantawa.
Kilo ɗari takwas, in ji shi.
Ta ce dillali ya rantse mata
motar tana jan tan biyu da rabi.
Na ce bai yi ƙarya ba,
rabin zance ya sayar miki.
Ja daban, ɗauka daban.
Sa yana jan amalanke cike da dawa,
amma aza masa buhu uku a gadon baya
ki ga kallon da zai yi miki.

Muka tsuguna, na share ƙasa, na ɗauki sifana.
Wuyan ɗakin in ya kwanta kan ƙugiya,
ɗari da sittin,
kuma motar ce ke ɗauke da shi.
Ke, da Bakari mai tuƙi, da Sali mai kama shanu,
ɗari biyu da ashirin.
Sali ya sosa ƙeya, ya san kasonsa ya fi yawa.
Jarkar ruwa goma, ɗari biyu.
Firjin allura da baturansa, ɗari da ashirin.
Gishirin lasa, buhu huɗu.
Na ja layi. Ɗari tara.
Ta duba, ta sake dubawa,
lissafin ƙasa ba ya karɓar goro.

"Ɗari ɗaya tak, Hayatu?"

Ɗari ɗayan nan ce ke ɗaga hancin mota,
fitila ta haska rassan darbejiya
ta bar ramin da ke jiranki,
sitiyari ya zama sakayau kamar ludayin duma.
Ita ce a gangaren dutse,
ran da birki ya fara wari,
ɗakin da ya bi ki tun asuba kamar bara
ya ga dama ya soma tura ki.
Na taɓa gani da idona.
Ban faɗa mata ko wane ne ba.
Hularsa tana nan a ƙusa, bayan injin iska.

Buhu biyu muka mayar cikin ɗakin,
daidai saman tayoyi.
Gaba ya yi yawa, ya danne ƙugiya.
Baya ya yi yawa, ya riƙa kaɗawa
kamar jelar saniya a lokacin ƙuda.
Sannan muka je sikelin masu auduga,
na ba mai gadi na shayi,
aka hau da motar ita kaɗai,
aka hau da su tare.
Sai da allura ta tsaya inda nake so
na sa tabarau, na kunna wuta.

Wata biyu ban ji ɗuriyarta ba.
Jiya wani ɗan Fulani ya tsaya da babur,
ya miƙo mini kwalbar man shanu
da takarda ninke a murfi:
"Mun sauko lafiya, mun yi wa dubu uku allura.
Sali ya rame da kilo biyar.
Me zan ƙara a motar?"