Shaidar Haƙori

A Chivi, inda duwatsu suka hau kan juna
kamar tukwanen da aka kife bayan biki,
kakana Gwatidzo yake ƙera mbira.
Uwar maƙerarsa guntun layin dogo ce,
gudumarsa ta girmi mahaifiyata.

Ƙarfen duk tsintuwa ne:
wayar tsohuwar katifa, ta keken da ya mutu.
Ya buga, ya lallasa, ya goge,
har harsuna ashirin da biyu su jeru
a kan itacen nan da in an sare shi
jini yake zubarwa, ja wur.

Shekarar da fari ya cinye mana masara
jinsa ya tafi, ko sallama babu.
In kira shi, Sekuru! Shiru.
Tsawa ta faɗi a bayan garke,
shi yana ta ɓare gyaɗa abinsa.
Maƙwabta suka ce, to, rijiya ta ƙafe,
a mai da guga gida.

Wata safiya na leƙa rumfarsa.
Ga shi ya ciji gefen katako
da haƙora ukun da suka rage masa,
babban yatsa na tsokanar ƙarfe,
ido a lumshe.
Amon na bi ta muƙamuƙi, yana hawa.
Ya saki, ya tofar, ya ɗan rage da zarto,
ya sake cizo.
An ce in kiɗa ya sauya, rawa ta sauya.
Shi kunne ya sauya.

Daren da aka kira magabata
ya sa ta cikin ƙwarya mai murafan kwalba,
ni ina gefe da caki biyu a hannu.
Zugar ta tashi kamar zuma a kogon dutse.
Goggo Nyaradzo ta yi rawa har zani ya kwance,
shi ko yana karanta kiɗansa
a ƙafafun mutane.

Bara muka binne shi, gabas da garke.
Wani ɗan Harare ya zo da kuɗi,
ya shafa katakon, ya ce, a kankare wannan tabo.
Na ce, malam, hanya ta fi nan faɗi.

Da dare nakan ɗora bakina a gurbin nasa.
Haƙorana sun yi yawa, ba sa zama daidai.
Amma in na taɓa ƙarfen tsakiya,
wani abu yakan taso ta ƙashi,
mai warin taba da toka,
ya ce: Tsitsi, wannan ya ɗan yi sama.