Adashin Mutum Bakwai

A jami'a Malam Sahabi ya cika allo:
rukuni a cikin rukuni,
ka ninka shi ta hagu, ka ninka ta dama,
bai gusa ba.
Na kwafa. Ban gane ba.

Da yamma a Bagalam
Inna Tsahara na suyar ƙuliƙuli,
lissafin adashi a bakinta.
Su bakwai ne, kullum ɗaya ke kwasa.
"Kwana ɗari daga yau, kwasar wa ce?"
Ko kai ba ta ɗaga ba:
"Zubar da bakwai-bakwai, saura biyu.
Ta Barira ce."

Ranakun mako, matan layinmu:
suna daban, juyi ɗaya.

Na buɗe littafina,
hannu duk man gyaɗa.