Kashi Tara a Kalgo

Ran da aka sauke ta ƙofar gidana a Badariya,
mai gadi ya zagaya ta sau biyu yana neman salansa.
"Malam, wagga mota ta ina take numfashi?"
Na ce ba ta numfashi, Dantani, caji take sha.
Ya ce, "To, Allah shi kawo Nepa."

Ta hannu ce.
Wani ya ci ƙuruciyarta a ƙasar sanyi,
ya bar mini takardu cikin yaren da ban iya ba,
da baƙar igiya mai kaurin ta ɗaurin sa,
nannaɗe a but.

Daren farko na soka ta a soket ɗin firji.
Kafin isha'i filogi ya soma warin ƙonanniyar roba.
Da safe Sahabi mai wayarin ya shafa bango, ya girgiza kai:
"Wannan wayar ta fitila ce da fanka,
ka aza wa akuya kayan raƙumi."
Ya jawo sabuwa tun daga mita,
ya binne ƙarfe a ƙasa,
ya tafi da kuɗin da na ware wa ragon layya.

Sai jira.
Wuta ta zo ƙarfe ɗayan dare, na fito ba takalmi.
Ƙarfe huɗu ta ɗauke.
Kwana uku ina tara mata kamar mai tarar ruwan indararo,
har allo ya ce ta cika,
ya ce kilomita ɗari da saba'in.
Na yarda da shi. Laifina ke nan.

Aliero na nufa, gaida gwaggo Tsahara.
Na ƙure sanyi, rana tana dukan gilashi,
na taka ta a miƙen hanyar Jega,
ba ƙara, ba hayaƙi, sai hirar taya da kwalta.
'Yan bumburutu suna ɗaga mini galan,
ni ina ɗaga musu hannu
kamar wanda ya gama biyan bashi.

Gwaggo ta sa aka loda mini albasa buhu uku.
Ba a ce wa gwaggo a'a.

A dawowa lamba ta fara zuba,
in ci kilomita ɗaya, ta cire biyu.
Na kashe sanyi.
Na kashe rediyo, ko da na san ba shi ne ɓarawon ba.
Na sauko arba'in, gumi har cikin kunne,
wani mai babur da kejin kaji ya wuce ni,
ya waiwayo, ya sake waiwayowa.

Kalgo. Kashi tara.
Gida yana nan gaba, tara ba ta kai.

Manu mai injin casa ya saurari bayanina
da ƙaiƙayi a girarsa,
ya nuna mini soket bayan buhunan shanshera.
Awa uku ina zaune kan benci,
yara suna leƙen ƙarƙashin mota ko za su ga inda take ɗiga.
Na ce nawa zan biya?
Ya ce, "Ban taɓa saida wuta ba. Kawo albasa."

Yanzu akwai ɗan littafi a aljihun ƙofa.
Ina rubuta inda na tashi, da nawa, na isa da nawa,
da zafin ranar, da nauyin kaya.
Abin da allo ya faɗa, nakan raba uku in jefar da ɗaya.
A tamanin nake zare igiya in ba tafiya ce da ni ba,
in ajiye ta ƙarƙashin dogonyaro, don zafi na cin batir.

Ba na jin haushinta.
Ni ma da asuba gwiwata takan ce za ta kai ni kasuwa ta dawo da ni,
sai mu yi ciniki a hanya.

Jiya Dantani ya ƙwanƙwasa taga ƙarfe biyun dare:
"Malam, tashi, abincin motarka ya zo."